Mai Kumburin Ƙafa

Yau za mu karanta labarin wani laƙabi. Mai laƙabin sarki ne cikin wani tsohon wasan kwaikwayo na ƙasar Girka. Wanda ya rubuta wasan sunansa Sofokilis, mutumin birnin Atina. An fara nuna shi wajen shekara 429 kafin haihuwar Annabi Isa. Sofokilis ya rubuta wasanni fiye da 120, amma 7 kaɗai suka iso gare mu cikakku. Wannan yana cikinsu.

Sunan sarkin Oidipus. Da Girkanci, "oidi" daga kalmar kumburi yake, "pus" kuwa ƙafa ce. In muka haɗa su, sai mu ce Mai Kumburin Ƙafa. Wannan ba kirari ba ne. Ina aka taɓa jin sarki da irin wannan suna? To, ga mafarin abin.

Akwai wani birni, ana ce da shi Tibis. Sarkinsa Layus, matarsa Yokasta. Mutanen wannan zamani gumaka suke bauta wa, kuma sun gaskata masu duba ƙwarai. Aka gaya wa Layus, wai ɗan da zai haifa shi zai kashe shi. Da aka haifi yaron, bai ko cika kwana 3 ba, aka huda masa idon sawu duka biyu, aka ɗaure su tare. Aka ba wani makiyayi shi, ya kai shi dutsen Kitairon ya yar. Tausayi ya kama makiyayin. Sai ya miƙa jaririn ga wani makiyayi, mutumin Korinti. Shi kuma ya kai wa sarkinsu Polibus, wanda bai taɓa haihuwa ba. Polibus da matarsa suka riƙe shi kamar ɗan cikinsu. Saboda ƙafafun nan da suka kumbura aka riƙa kiransa Oidipus. Ciwo ya warke, tabo ya zauna, suna ya bi shi.

Da ya girma, wani mashayi ya goranta masa, ya ce shi ba ɗan Polibus ba ne. Ya tafi wurin duba a Delfi. Can aka ce masa zai kashe ubansa, ya auri uwarsa. Ya tsorata, ya ƙi komawa Korinti. A wata mararraba inda hanya 3 suka haɗu, faɗa ya haɗa shi da wani dattijo, ya kashe shi. Ashe Layus ne.

Ya iso Tibis, ya tarar wata dodanniya ta hana mutane sakat. Kanta na mace, jikinta na zaki, ga fikafikai. Takan yi wa mutum ka-cici-ka-cici, in ya kāsa ta kashe shi. Tambayarta ita ce, wane abu ne yakan yi tafiya da ƙafa 4, ya yi da 2, ya kuma yi da 3? Oidipus ya ce mutum ne: yana jariri ya yi rarrafe, ya girma ya miƙe, ya tsufa ya dogara sanda. Mutanen Tibis suka naɗa shi sarki, suka aura masa matar marigayi, wato Yokasta. Suka haifi 'ya'ya 4.

Mu tsaya nan mu duba da kyau. Tambayar dodanniya a kan ƙafa take. Oidipus ya ƙidaya ƙafafun ɗan Adam duka, bai yi kuskure ba. Amma nasa ƙafafun, waɗanda yake takawa kullum, bai san labarinsu ba. Duk wanda ya kira sunansa, asirin nan yake faɗa, shi da mai kiran ba wanda ya gane. Akwai kuma wani abu. Da Girkanci "oida" ma'anarta "na sani", ta yi kama da farkon sunan. Masana da yawa suna ganin da gangan Sofokilis ya yi wasa da kalmomin nan biyu. Mu ma haka muke gani.

Wasan kansa ya soma ne bayan shekaru, lokacin da annoba ta faɗa wa Tibis. Aka ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe Layus. Oidipus ya ɗau alkawari zai nemo shi. Ana cikin bincike, Yokasta ta ba shi labarin jaririn da aka ɗaure wa ƙafa. Shi kuwa maganar mararraba ce ta tayar masa da hankali. Ta ƙafa ta wuce shi.

Sai ga manzo daga Korinti, ya kawo labarin mutuwar Polibus. Manzon nan shi ne makiyayin da ya karɓi jaririn tun dā. Don ya kwantar wa sarki da hankali, ya gaya masa Polibus ba ubansa ba ne. Ya ce idon sawunsa ne shaida, shi ya kwance su da hannunsa, kuma daga nan sunan ya fito. Yokasta ta riga kowa ganewa. Ta roƙi sarki ya bar binciken, ya ƙi. Aka kira ɗaya makiyayin, aka matsa masa, ya faɗi sauran.

Yokasta ta shiga ɗaki ta rataye kanta. Oidipus ya zare alluran zinariya da ke maƙale tufafinta, ya tsone idanunsa. Da ya fito yana lalube, ya roƙa a kore shi daga gari, a bar shi ya zauna a dutsen Kitairon.