Harshe da Jinyar Tsofaffi Masu Ciwon Mantuwa a Ƙasar Daura

1. Gabatarwa

A bakin Hausawa kalmar jinya fuska biyu gare ta. In an ce wane yana jinya, to, shi ne ba shi da lafiya. In kuwa an ce wance tana jinyar uwar mijinta, to, ita lafiyarta ƙalau, ɗawainiyar mara lafiya ce a kanta. Babu ciwon da ya gaskata wannan haɗin kamar wanda yake cin ƙwaƙwalwar tsofaffi a hankali, har mutum ya kasa gane 'ya'yan cikinsa, gama shekarun da tsohon zai yi yana fama, su ne mai kula da shi zai yi yana fama.

Manufar wannan takarda ita ce a duba rabon harshe cikin wannan al'amari a masarautar Daura, watau ƙananan hukumomi 5 na Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, a Jihar Katsina. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, tsoho a cikin gidansa yake tsufa, a hannun iyalinsa. Saboda haka sunan da iyalin suka ba ciwon, da irin maganar da suke yi da tsohon, da irin wadda ake yi da mai jinyarsa, su ne rabin magani ko rabin cuta.

2. Ciwon da yawansa

A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irin lalacewar da ya gani cikin ƙwaƙwalwar wata mace wadda ta rasu bayan ta daɗe cikin mantuwa da ruɗewa. Irin da aka sa wa sunansa shi ne ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai kuma irin da toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa take kawowa, wanda hawan jini da ciwon sukari suke share wa hanya. Hukumar ta ƙiyasta masu ciwon a duniya sun kai miliyan 57 a shekarar 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa ƙarfin arziki da masu matsakaicin hali. Ta kuma nuna kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar mata ne suke ɗauke da su.

A Nijeriya, binciken da aka soma a 1992 don kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis a Amurka ya sami kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan. Mafi kusa da Daura shi ne wanda aka yi a Zariya, aka buga a 2011, inda aka gwada tsofaffi 322 aka sami kashi 2.79. Wannan adadi yana nuna abu biyu. Na farko, galibin tsofaffi da hankalinsu suke komawa ga Allah, ashe ruɗewa ba tilas ce ta tsufa ba. Na biyu, da wuya a sami babbar unguwa wadda babu gidan da ake wannan jinya.

3. Sunayen da aka ba shi

Akan ce tsoho ya ruɗe, ya rikice, ya gigice, ya susuce, ko ya haukace. Mai nazarin nahawu zai lura dukan waɗannan aikatau aji ɗaya suke. Cikin aji 7 da F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa a 1960, su ne na huɗu, masu ƙarewa da wasalin e, waɗanda sau da yawa suke nuna aiki ya kai matuƙa, kamar bambancin ya sayi hatsi da ya saye hatsi. Watau siffar kalmar da kanta tana cewa magana ta ƙare, babu sauran kome. Alhali kuwa ciwon daki-daki yake tafiya, shekara da shekaru, kuma a kowane mataki akwai abin da ya saura wanda za a iya riƙe tsohon da shi.

Kowane suna kuwa da abin da yake jawowa. In an ce gigin tsufa ne, ba mai tunanin asibiti. In an ce ya koma yaro, sai a dinga yi masa tsawa a gaban yara. In an ce hauka ne, sai a kulle shi, a ɓoye maganar don kada ta hana 'yan matan gidan aure. In kuwa tsohuwa ce ta fita da dare aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, wani bakin yakan ce mayya ce. Har wa yau, masu wannan ciwo sukan fi rikicewa daga la'asar sakaliya zuwa almuru, abin da likitoci suka daɗe da sani, amma tun da yake lokacin ne ake dangantawa da iskoki, sai zato ya tafi can.

Sunan da kafofin labarai na Hausa suke amfani da shi, cutar mantuwa ko ciwon mantuwa, bai game dukan alamun ba, gama ciwon yana taɓa magana da hali da sanin hanya. Amma yana da wani amfani babba: duk abin da Bahaushe ya kira ciwo, to, ya cancanci sannu da dubiya da magani. Ita ma hukuma ta sake harshe, domin a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

4. Abin da yake zubewa da abin da yake saura

Sunaye su ne farkon tafiya. Tsoho yana son buta sai ya ce a miƙo masa abin nan, yana nufin ɗansa sai ya ce wane. Ginin jimla yakan daɗe bai rushe ba, saboda haka maganar takan fito daidai a kunne amma babu abin kamawa a ciki. Sa'an nan sabon abu yakan riga tsohon abu ɓacewa. Wanda bai san ya ci tuwo ɗazu ba, yana iya ba da labarin hawan Sallar Gani na zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, ko ya yi lissafi da fam da sule ko da yake naira ta karɓe su tun 1973, ko ya tashi neman kuɗin haraji wanda aka soke a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979. Bafillacen da ya koyi Hausa da girmansa yana iya komawa Fillanci, jikokinsa kuwa ba sa ji.

Abin da ya fi daɗewa shi ne maganar da baki ya saba da ita har ta zama jiki: gaisuwa, da addu'a, da surorin da aka haddace a makarantar allo, da kirari, da waƙoƙin daka da na niƙa. Gaisuwar Hausa kuwa doguwa ce, kuma kowace tambaya da amsarta a yanke. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina labari, sai alheri. Wannan alheri ne ga mai jinya, domin ƙofa ce da ba ta rufewa da wuri. In aka durƙusa gaban tsoho aka gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ya sami zance wanda ba zai faɗi a cikinsa ba, girmansa ya dawo masa, sa'an nan a kawo maganar wanka ko abinci.

Amma fa gaisuwar nan tana da wata illa. Ɗan da ya zo daga Kano ko Abuja ya yi minti goma gaban mahaifinsa, ya ji amsoshi suna fitowa sumul, sai ya tashi yana cewa Baba lafiyarsa lau. Da tsohon zai ƙara da cewa an sace masa kuɗi, ko an hana shi abinci, abin da masu ciwon sukan yi domin sun manta inda suka ajiye ko sun manta sun ci, to, zargi ya faɗa kan wadda take kwana tana tashi da shi.

5. Kunya da wasa

Littattafan koyar da jinya da aka rubuta a Turai sukan ce a kira mara lafiya da sunansa, a dube shi ido cikin ido, a riƙe hannunsa. Matar ɗa a gidan Bahaushe ba ta da ikon ko ɗaya cikin ukun nan ga surukinta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaga ido gabansa, ko abinci ba ta ci yana gani. Ga shi kuwa sau da yawa ita ce a gida sa'ad da maza suka tafi gona ko kasuwa. Ba a bukatar ta ya da kunya. Abin da ake nufi da waccan shawara shi ne tsohon ya san da shi ake, wannan kuwa yana samuwa in ta zo ta gabansa, ta yi sallama, ta kira shi Baba ko Malam, ta faɗi ko ita wace ce: "Baba, ni ce matar Auta, ga kunu." Jimla gajera, buƙata ɗaya, a jira amsa. A bar tambayar "Ka gane ni?" domin jarrabawa ce, faɗuwa cikinta kuwa tana jawo fushi. In ya nemi matarsa wadda ta rasu, gardama ba ta da amfani, sabunta masa mutuwar kuma zalunci ne. Ya fi kyau a ja shi ya ba da labarinta.

Inda kunya ta ɗaure, wasa yakan kwance. Kaka tana kiran jikanta namiji mijinta, ta kira macen kishiya. Kakan kuwa jikanyarsa amaryarsa ce. Jika yana iya cewa "Tsoho, yau sai ka yi wanka ko in fasa auren," a yi dariya a tashi, maganar da ɗa ba zai taɓa furtawa ba. Haka taubashi. Sharaɗin kawai shi ne tsohon ya kasance cikin masu dariyar, kuma kada a cire yarinya daga makaranta don ta zama mai tsaron kaka.

Likita ma yana bukatar sanin wannan. Tsohuwar da aka tambaya sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta yi shiru, wataƙila alkunya ce. Wadda ba ta san kwanan watan Bature ba, a tambaye ta watan Musulunci, ko wace salla aka yi, ko yaushe kasuwar Mai'aduwa take ci. Don irin wannan ne masana a Ibadan suka fito da gwajin jera tsinken ashana a 2005, saboda waɗanda ba su saba da alƙalami ba. Kai tsoho asibiti yana da amfani ko da yake ba a sami maganin da yake warkar da ciwon ba, gama ruɗewar da ta zo farat ɗaya sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko sukari, kurumta da baƙin ciki kuma sukan yi kama da mantuwa, duka kuwa suna da magani.

6. Bakin mai jinya

Gaisuwar da ta rufa wa tsoho asiri ita ce take rufe bakin mai jinyarsa. In an ce yaya mai jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi. In an ce ina gajiya, ladabi bai yarda ta ce akwai ba. Ga kuma tsoron kada kuka ya zama saɓa wa iyaye, tun da Alƙur'ani, a Suratul Isra'i, ya yi horo mai ƙarfi a kan kyautata musu a halin tsufa. Sai ta haɗiye, har rashin barci da ɓacin rai su kwantar da ita. Mai son jin gaskiya sai ya wuce gaisuwa ya yi tambayar da ba ta da amsa a yanke: jiya sau nawa ya tashe ki? Wa ya kama miki wanka? Yaushe rabonki da gidanku?

Bayan tambaya sai aiki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata 'ya'ya su zauna su raba kwanaki da kuɗin magani a fili, namiji ya ɗauki wankan mahaifinsa, a ba mai jinya ranar da za ta je biki ko ganin gida. A sanar da maƙwabta da mai unguwa da liman, domin tsohon da ya fita da damina, gero ya rufe hanya, ga iyakar Nijar kusa, sanin jama'a ne zai komo da shi. Liman kuma ya bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kada a matsa masa kan raka'ar da ya manta ko azumin da ya karya.

Sa dangi cikin magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Dokta T. A. Lambo ya sauki marasa lafiya tare da 'yan'uwansu a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da darussan iSupport a 2019 domin masu jinya na gida.

7. Aikin da ya rage ga masana Hausa

Irin waɗannan darussa ba za su shiga zaure da tsakar gida ba sai an sake gina su bisa kunya da wasa da gaisuwar mutanen wurin. Wannan aikin masu nazarin harshe ne da malaman kwalejojin horon malamai: a tattara kalmomin da ake faɗa a Baure da Zango da Sandamu, a rubuta zantukan masu jinya da izininsu, a daidaita suna ɗaya da likita da liman da gidan rediyo za su riƙa. Ɗalibin da aka koya wa wannan zai koma ƙauye yana malami, wata rana kuwa yaran ajinsa za su zo masa da labarin tsohuwar da aka tsinta a bakin kasuwa ba ta san gidansu ba. Abin da ya kira ta da shi a gabansu, shi za su kai gida.