Mai Gyaran Bel: Daga Rumfar Niƙa Zuwa Malbaza

A garuruwan ƙasar Tasawa da Mayayi, irin su Kona, duk inda ka ji ƙugin injin niƙa to bel ne ke ɗauko ƙarfi daga inji ya kai wa bakin niƙa. Ranar da ya tsinke, mata sai su kwashe kwanukan geronsu su koma ga turmi. Mai injin da ya ƙware ya san yadda zai ɗaure shi kada ya yi sako-sako ko ya cika tsauri, ya san saita fuli biyu su dubi juna, ya kuma iya haɗa baki in ya rabu. Wannan sanin shi ne tushen wata babbar sana'a da samarinmu ba su cika waiwaya ba, wato gyaran bel mai jigilar kaya a masana'antu.

Irin wannan bel shi ke ɗaukar dutse a masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ke aiki tun shekarun 1960, da ta Kalambaina a Sakkwato, da Obajana ta Ɗangote. Shi ake gani a mahaƙar kwal ta SONICHAR a jihar Agadas, da injinan cashin shinkafa na Kano. A Bukra ta Yammacin Sahara akwai wanda ke kai sinadarin taki bakin teku, tafiyar kusan kilomita 100.

In ka yanka bel ka dubi bakinsa, za ka ga ba roba ce zalla ba. A tsakiya akwai shimfiɗun zare mai ƙarfi, sau biyu, uku ko fiye, wani ma da wayar ƙarfe. Su ke ɗaukar nauyin ja. Robar sama ta fi ta ƙasa kauri, don ita ke shan dukan dutse. Mai hawa tudu da hatsi ko yashi akan yi masa tsaga-tsaga masu tudu a fuska don kada kaya su zamo baya. Na ɗaukar siminti mai zafi robarsa daban, na abinci ma daban.

Ƙarƙashinsa rololi ne a jere, uku-uku, ta tsakiya a kwance, na gefe a ɗage, yawanci digiri 35, don bel ya yi kwarmi ya riƙe kaya. A nan ake gane gwani. Yakan bi layin a ƙafa yana saurare, domin rolar da boris ɗinta ya sha ƙurar hunturu kukanta daban ne. In ta ƙi juyawa, bel zai yi ta gogarta har ƙarfen ya cinye ya yi kaifi, ƙarshe ta tsaga bel ɗin da kanta. Rola guda mai araha ta jawo asarar da za ta tsayar da masana'anta. In kuwa bel ya fara karkata gefe, sabon shiga yakan ruga ya ƙara ɗauri. Gwani ya san bel yana bin ɓangaren rolar da ya fara taɓawa ne, sai ya ɗan gyara zaman 'yan rololi kaɗan, ya tsaya ya jira bel ya zagayo kafin ya sake taɓa komai. Babbar gangar da inji ke juyawa kuma ana lulluɓe ta da roba mai zanen tsaga, ko ƙananan tayil, don ta kama bel ko da damina.

Haɗin baki shi ne zuciyar sana'ar. Na gaggawa da maƙalan ƙarfe ake yi, amma yana zubar da gari, ba ya kuma daɗewa. Na ƙwarai sai an yanka bakin a karkace, a feɗe shimfiɗun zaren mataki-mataki ba tare da wuƙa ta taɓa na ƙasa ba, a kankare, a goge tas, a shafa gam. Sannan ko dai a bar shi ya kama a sanyi, ko a matse shi a injin gashi mai zafin da ya kai wajen digiri 145. Mai faci na bakin tasha zai gane rabin wannan aiki da kallo ɗaya, domin da roba da gam da zafi yake cin abinci shi ma. Abin da ke ɓata haɗi a ƙasarmu shi ne ƙura, shi ya sa ake kafa rumfa a rufe wurin kafin a buɗe gwangwanin gam.

Sana'ar tana da haɗari ƙwarai. Inda bel ya haɗu da ganga, abin da ya shiga ba ya fitowa lafiya. Abin da maigida ke fara gaya wa yaronsa shi ne: "Kai yaro, tuɓe rigar nan mai faɗi, kashe wuta, sa kwaɗo, makullin ya kwana a aljihunka." Wanda ya sa hannu ya share laka bel na tafiya, da hannunsa yake caca.

A ganina, saurayin da ya tashi a rumfar niƙa a Kona ko Tasawa, in zai tafi ci-rani Kano ko Maraɗi, ya fi masa ya nemi shagon masu wannan aiki ya zauna ya koya da ya ƙare a dako. Cibiyoyin koyon sana'a na jihar Maraɗi su ma ya kamata su sa haɗin bel da gyaran rola kusa da walda da kanikanci, tunda wuƙa da awo da gam da tsohon bel na gwaji ba su fi ƙarfin aljihunsu ba.