Kacala da Kwatar Gida

Duk matar da ke riƙe da gida ta san halin kwata. In an zuba mata ruwan wanke-wanke da safe, rana ta busar da ita kafin la'asar, babu abin da zai tsiro. Amma a bar famfo yana ɗiga dare da rana, nan da nan gansakuka ta shimfiɗu, ciyawa ta kama, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya ya faɗa ɗakin maƙwabta.

Abin da ya sami dausayin Haɗejiya da Nguru ke nan. A da, kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malale fadamu, da rani kuma ya janye, ƙasa ta sha rana. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gangarowa duk shekara, sannu a hankali, yana ajiye laka. Ciyawar kacala kuwa ba ta neman abin da ya wuce haka. Ta kafa saiwa, ta yi tsawon da ya ɗara na mutum, ta toshe hanyoyin ruwa.

Yau masunci a yankin Guri ko Kirikasamma sai ya sare hanya kafin kwalekwalensa ya wuce. Wata gonar shinkafa ruwa ya shanye ta, wata kuma ko ɗigo ba ta samu. Tsuntsayen jan baki sun sami maɓoya, daga nan suke dirar wa gero da dawa. Sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya su ma sun sami gida.

Mutanen yankin ba su naɗe hannu ba. Sukan yi gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda. Masu dabara sukan yanke kacalar a ƙarƙashin ruwa, domin ta ganyenta saiwar ke samun iska. In ruwa ya rufe kututturen, sai ta shaƙe ta ruɓe. Sai dai wanda ya yashe ƙofar gidansa alhali na sama bai gyara famfonsa ba, gobe ma zai sake ɗaukar shebur.

Don haka aikin na kowa ne, daga Kano zuwa Jigawa har Yobe. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta zauna da manoma da masunta da makiyaya, a tsara sakin ruwa yadda kogi zai sami daminarsa, ya sami raninsa. Sai an yi haka gumin masu gayya zai daina tafiya a banza.