Birtaniya na kwashe wayar tarho zuwa intanet: lamba za ta tsira, tsofaffi fa?

Ranar 31 ga Janairun 2027 ce kamfanin BT ya tsayar don rufe tsohon layin tarho da ya shafe fiye da shekara ɗari yana haɗa gidajen Birtaniya ta wayar jan ƙarfe. Da farko ƙarshen 2025 aka sa, sai aka ɗaga. Tun watan Satumban 2023 Openreach, reshen da ke kula da wayoyin, ya daina sayar da sabon layi irin na da a faɗin ƙasar. Dalili kuwa, kayan sun tsufa, masu ƙera su sun daina, masu iya gyaransu kuma suna ta yin ritaya.

Abin da ya fi damun jama'a da farko shi ne lamba. Mai kanti da ya buga lambarsa a allo shekara talatin, ko tsohuwar da jikokinta suka haddace lambar gidanta, ba su son a canja musu ita. A nan doka ta yi musu gata. Hukumar Ofcom ta wajabta wa kamfanoni su saki lambar duk wanda ya nemi komawa wani wuri, ko da kuwa kamfanin da ke kira ta intanet ne. Mai karatu a Najeriya ya san irin wannan tun Afrilun 2013, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta ba da damar sauya kamfanin salula ba tare da rasa lamba ba.

Sabon kamfani ne ke neman lambar daga tsoho, kuma dole suna da adireshi su yi daidai da na takardar biyan kuɗi. Kuskuren da ke jefa mutane cikin wahala shi ne su yanke tsohon layin da kansu kafin a gama kwashe lambar. Akwai damar wata ɗaya ta neman ta bayan yankewa, amma in ya wuce, tana iya salwanta. Wani lokaci ma intanet ɗin gidan na rataye ne a kan layin, fitar lambar sai ta tafi da shi.

Duk wannan ana iya kiyaye shi da natsuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne wutar lantarki. Tsohon layi daga ofishin tarho yake samun wutarsa, shi ya sa ko an ɗauke wuta a unguwa, wayar tana aiki. Sabuwar kuwa a jikin na'urar intanet ake jona ta. Wuta na ɗaukewa, ta mutu. Guguwar Arwen ta Nuwamban 2021 ta bar dubban gidaje a Sikotlan da arewacin Ingila kwanaki cikin duhu, wasu ba su da hanyar kiran lambar gaggawa ta 999. A Maris na 2022 BT ya dakatar da shirin sauya wayoyin na wani lokaci, ya nemi afuwa.

Sannan ga mutane kusan miliyan biyu, yawancinsu tsofaffi da naƙasassu, da ke rataya ɗan maɓallin neman agaji a wuya ko a hannu. Na'urorin da yawa an ƙera su ne don tsohon layi. A Disamban 2023 manyan kamfanoni suka sa hannu a yarjejeniya da gwamnati cewa ba za su tilasta wa irin waɗannan mutane ƙaura ba sai an tabbatar na'urarsu na aiki.

Ofcom ta ce a ba wanda ya dogara ga wayar gida abin da zai riƙe ta aƙalla awa ɗaya in babu wuta. A ganina wannan ya yi kaɗan ƙwarai. Mu da muka san ɗauke wuta mun san awa ɗaya ba komai ba ce ga tsohon da ya faɗi a ɗaki shi kaɗai.

Don haka 'yan'uwanmu mazauna Landan, Manchesta da sauran garuruwa, musamman masu kula da dattijo ko majinyaci, ku sanar da kamfani halin da ake ciki kafin ranar sauyi, ku nemi batirin ajiya, ku kuma gwada maɓallin agajin da hannunku kafin injiniya ya bar gidan.