Sau nawa kayanka suke juyawa?

Ɗan'uwa mai karatu, in kana sayar da kayan gyaran mota ko na babur a Bune, ga tambaya. Kayan da ka saro daga Damagaram ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sau nawa suke ƙarewa a shekara ka sake saro wasu? Wannan shi ne juyin kaya.

Ga yadda ake lissafinsa. A ce farkon shekara kana da kayan jaka 200 a shago, ƙarshen shekara kuma na jaka 100. Ka haɗa su, jaka 300 ke nan. Ka raba biyu, ka sami 150. Shi ne matsakaicin kayanka.

To, duba littafinka. A ce kayan da ka sayar a shekarar, kai ka saro su jaka 600. Kudin sari za ka ɗauka, ban da riba. Raba 600 da 150. Amsa 4 ce. Kayanka sun juya sau 4, wato kowane wata 3.

Amma kada ka tsaya nan. Auna kowane iri daban. Buji da taya ba su kwana. Wani ƙarfen kuwa sai ya shekara yana shan ƙura, kuɗinka na barci a cikinsa. Irin wannan, rage masa kuɗi ya tafi. Wanda ke gudu kuma kada ya yanke maka, don mai saye ba ya jira.

Aiki: in ka sayar da kayan jaka 900, matsakaici 150, sau nawa suka juya?