Shara ba iri ɗaya ba ce: a rarraba ta tun daga bakin rumfa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko ta Tawa da marece bayan an watse, ya san abin da ake bari a baya: ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, kwalaye, gwangwanaye, ledar fiya wata da baƙar leda ko'ina. Ana share su, a haɗa su wuri ɗaya, a ɗora wa yaro a ka ya kai bola. In bolar ta yi nisa, sai ya juye a gwalalo ko a bayan katangar wani. Haka abin yake a gidajenmu ma.

Sai dai wannan tarin da muke kira shara ba abu ɗaya ba ne. A cikinsa akwai abincin bisashe, akwai taki, akwai kuɗi, akwai kuma guba. Haɗa su da muke yi shi ne ke ɓata mai amfanin, ya kuma ƙara wa mai cutar ƙarfi. Kwalin da ruwan tumatir ya jiƙa ba mai saye. Ɓawon dankalin da ya cakuɗa da leda ba ya ciyar da akuya, halaka ta yake yi.

Abin da baƙar leda ke jawo mana

A tambayi mahauta. Sau da yawa in sun fede tunkiya ko saniyar da ta saba kiwo a cikin gari, sukan tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Dabbar takan haɗiye ledar ne saboda ƙanshin mai da gishirin da ya saura a jikinta. Ledar ba ta narkewa, sai ta tare wurin abinci, dabbar ta yi ta ramewa alhali ana ba ta dusa da harawa. Matar da ta ɗauki kuɗin adashi ta sayi rago don ta kiwata shi zuwa babbar salla, ita ce ke kwana da asara.

Da damina kuma wata masifar ce. Leda da robobi sukan toshe gwalalo, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin gidaje da shaguna. Ba mu manta da ambaliyar da ta auka wa Yamai a 2020 ba, da kuma ruwan ƙarshen watan Ogusta na 2024 wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka a birnin Maraɗi. Yawan ruwan sama ba a hannunmu yake ba, amma hanyar da zai bi ya wuce, mu ne ke buɗe ta ko mu toshe ta. Bayan ruwa ya ɗauke, wanda ya kwanta a cikin gwalalo da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi shi ne gidan sauro, kuma ƙwan sauro kan zama sauro mai cizo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ƙudan da ya tashi daga bola kuwa, a kan nama da ƙosai da fura yake sauka. Jahar Maraɗi ta sha fama da cutar amai da gudawa a 2018 da 2021, kuma kowa ya san wannan cuta da ƙazantar ruwa da abinci take tafiya.

Doka dai akwai ta. Tun ranar 5 ga watan Nuwamba na 2014 ƙasarmu ta kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da irin wannan leda maras kauri. Amma har gobe wanda ya sayi barkonon dala biyar a leda ake ƙulla masa. Ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma can an bi dokar da tsanani har aka ga canji a titunansu. Mu a nan, kafin hukuma ta ɗaure ɗamara, gyaran da ke hannunmu shi ne na bakin rumfa da tsakar gida.

Kashi huɗu

Aikin ba ya bukatar sayen komai. Tsohon daro ɗaya, buhu biyu da gwangwani mai murfi sun isa.

Kashi na farko shi ne duk abin da ke ruɓewa: ɓawon kayan miya, ganye, sauran tuwo, ƙaiƙayi. Mai kyansa a ba bisashe tun bai lalace ba. Sauran a haƙa masa rami a gefen gida ko a garka, a riƙa jera shi da kashin awaki da ɗan toka, ana yayyafa ruwa, ana juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama taki baƙi mai laushi. Da tsadar da takin zamani ya yi, masu noman rani na bakin Gulbin Maraɗi da masu albasa na jahar Tawa ba za su raina shi ba. Wannan ma ba baƙuwar dubara ba ce. Manomanmu sun daɗe suna kai sharar gida gona da amalanke, har wani malamin jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan, Shuichi Oyama, ya shafe shekaru a yankin Dogon Dutsi yana nazarin yadda sharar gari ke farfaɗo da ƙasar da ta mutu ta zama fako. Abin kiyayewa shi ne a tsince leda da kwalba da batir kafin a kai.

Kashi na biyu shi ne mai kuɗi: ƙarfe, gwangwanin lemo, fasasshiyar tukunya, tsohon bokiti, karyayyar kujerar roba, takalman roba, kwali busasshe da kwalabe. Yaran da ke yawo da kura suna sayen waɗannan, wasu da kuɗi, wasu da musanya. Wanda ya shiga kasuwar Katako ta Yamai zai ga inda suke ƙarewa: maƙera na narka gwangwanaye da tarkacen alminiyam suna zuba tukwane da ludaya, ana yanka tsofaffin gangunan ƙarfe ana yin murhu da akwati, tsohuwar taya tana komawa takalmi da guga. Abin da aka tara shi da tsabta, a bushe, kowane iri daban, ya fi daraja a kan sikeli.

Kashi na uku ita ce leda. A cusa ta a buhu, a ɗaure baki don kada iska ta kwashe ta. Akwai masu narka ta da rairayi suna yin pabe na shimfiɗa a tsakar gida, akwai kuma mata masu wanke ta suna saƙa jakunkuna. Inda babu masu karɓa, a miƙa buhun a ɗaure ga masu kwasar shara. Abin da bai kamata ba sam shi ne ƙona ta, ko hura gawayi da ita kamar yadda wasu masu tuya da masu shayi ke yi. Hayaƙinta guba ne ga huhu, kuma mai zaune a gindin murhun da goyon da ke bayanta su ne ke fara shaƙa. Wutar bola a kusa da rumfunan zana da kwali ma kasada ce, musamman a lokacin hunturu da iska ke kaɗawa.

Kashi na huɗu shi ne mafi ƙanƙanta, amma ya fi sauran haɗari: mataccen batir na tocila da rediyo, allura, reza, fasasshiyar kwalba, maganin da kwanansa ya ƙare, da kwalaben maganin ƙwari irin su fiya-fiya. Waɗannan a sa su a gwangwani mai murfi, nesa da yara. Kwalbar maganin ƙwari ba ta wankuwa ta zama ta zuba mai ko ruwan sha, ko sau nawa aka ɗauraye ta. A huda ta don kada wani ya tsinta ya sayar. Batirin mota ko na sola da ya mutu kuwa a mayar wa masu sayensa yadda yake, kada a fasa shi a gida, domin ruwan cikinsa yana ƙona fata, dalmar da ke ciki kuma tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Sai wani abu da ba a cika lura da shi ba: babban nauyin shararmu rairayi ne da tsintsiya ke haɗowa. A tankaɗe shi da tsohon kwando a mayar tsakar gida. Nauyin da yaro zai ɗauka ya ragu, kuɗin mai amalanke ma ya ragu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mace ɗaya in ta rarraba shararta, maƙwabtanta goma suna watsawa, wahalarta ta tashi a banza. To amma haɗin kai ba sabon abu ba ne ga matan ƙasar nan. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a jahar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashen duniya da dama. Matan da suka iya tara kuɗi duk mako ba tare da rigima ba, za su iya tara gwangwani da roba na layinsu guda, su sayar a dunƙule, kuɗin ya shiga asusu. Masu kayan gwari kuma su daidaita da mai garka ɗaya wanda zai riƙa zuwa da amalanke kullum marece.

Mai saye shi ma yana da nasa rabon. Iyayenmu da kwando da ƙwarya suke zuwa cefane, da kwano suke sayen koko, a ganye ake ƙunsa musu goro. Mai sayarwa ya riƙa tambaya kafin ya miƙa leda, domin ledar ma da kuɗinsa ya saye ta, ribarsa ce ke bin iska.

Su kuma ma'aikatun magajin gari, tun da ba a fashin karɓar kuɗin tikiti a kasuwa, haƙƙin ƴan kasuwa ne su ga an ware wurin zuba shara, ana kwashe ta a kan lokaci, ana kuma yashe gwalalo kafin ruwan farko ya sauka. Shugabannin ƴan kasuwa su ne ya kamata su kai wannan magana, da murya ɗaya. Amma bakinmu zai fi kaifi ranar da muka je da ita alhali gaban rumfunanmu tsaf yake. Allah ya ba mu ikon gyarawa.