Abin da ke cikin littafi na biyu da na uku na Hunger Games

Mai karatun Hausa ba baƙon littafi mai kashi uku ba ne. Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam cikin littattafai uku ya fito daga Zariya a ƙarshen shekarun 1930, haka kuma ƙananan littattafan soyayya na Kano sun saba yanke mana labari daidai inda ya ɗauki zafi, su ce mu tara a kashi na biyu. 'Ya'yanmu da ke makarantun lise a nan Yawunde sun gaji wannan ɗabi'a, sai dai nasu karatun da Faransanci ne, kuma daga cikin abin da ke yawo a hannunsu, ko a takarda ko a cikin waya, akwai Hunger Games na marubuciyar Amurka Suzanne Collins. Littattafai uku ne da suka fito da Ingilishi a 2008 da 2009 da 2010, kamfanin Pocket Jeunesse kuma ya buga fassararsu a Faransa, na biyu da sunan L'Embrasement, na uku La Révolte.

Ƙorafi ɗaya muke yawan ji daga bakin matasan da suka karanta su: wai na farko ne mai daɗi, na biyu maimaici ne, na uku kuwa baƙin ciki ne zalla. Wasu ma a na farkon suke tsayawa, su cike sauran da fina-finan da aka yi tsakanin 2012 da 2015. Mu a ganinmu lamarin a juye yake. Wanda ya tsaya a littafi na farko ya sha romo ne ya bar nama a tukunya. Za mu buɗe ƙarshen labarin a nan, saboda haka duk wanda bai kai can ba, kuma ba ya son a ɓata masa, ya ninke wannan shafi ya ajiye.

Ga iyayen da ba su san kan zancen ba, irin wannan rubutu shi Faransawa ke kira dystopie, wato labarin lalatacciyar duniyar gobe. Ƙasar sunanta Panem, tana da babban birni mai wadata da gundumomi 12 masu yi masa bauta. Kowace shekara ana jefa ƙuri'a a ɗauki yaro ɗaya da yarinya ɗaya daga kowace gunduma, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 cikin wani fili su yi ta kashe juna har saura ɗaya, ana nunawa a talabijin. Katniss Everdeen, 'yar shekara 16 daga gunduma ta 12 inda ake haƙar kwal, ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta Prim, ta kuma tsira tare da Peeta, ɗan mai gasa burodi. Nan littafi na farko ya tsaya, kuma dalilin daɗinsa a fili yake: an san azzalumi, an san wanda aka zalunta, jaruma ta yi nasara.

Hatsarin tsayawa a nan shi ne mai karatu ya zauna a kujerar mutanen babban birni ba tare da ya sani ba. Shi ma ya zaɓi wadda yake goyon baya, ya ƙirga waɗanda suka mutu, ya ji daɗin wasa. Ita kanta marubuciyar ta bayyana cewa tunanin labarin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin tsakanin wata gasar matasa da hotunan yaƙin Iraƙi, har abubuwan biyu suka cakuɗe mata. Mahaifinta hafsan sojan sama ne da ya je yaƙin Biyetnam tana ƙarama. Littattafan biyu na baya an rubuta su ne domin su ɓata wa mai karatu wannan daɗin kallo.

Na biyu ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: an zaga da Katniss gundumomi ana nuna ta, a gunduma ta 11 aka harbe wani dattijo a gaban jama'a don kawai ya yi fito da alamar girmamawa, sa'an nan a gasa ta 75 aka ce daga cikin waɗanda suka taɓa cin gasar za a zaɓo 'yan wasa. A nan ne muke ganin tsofaffin jarumai yadda nasara ta bar su, wani mashayi, wani ya dogara da ƙwaya, wata hankalinta ya taɓu. Masu cewa maimaici ne suna da ɗan gaskiya, domin an sake komawa fili, kuma zancen wa za ta so tsakanin Peeta da Gale ya ja da yawa. Amma littafin ya rufe da labarin cewa an ruguza gunduma ta 12 da bama-bamai, kuma mutanen da Katniss ta amince da su sun daɗe suna shirya tawaye da sunanta ba da saninta ba.

Na ukun ne ya kamata a zauna a kansa. Katniss ta tsinci kanta a gunduma ta 13, wadda aka ce an shafe ta tun da daɗewa, alhali mutanenta suna zaune a ƙarƙashin ƙasa. Nan ne hedikwatar 'yan tawaye, ƙarƙashin shugaba Alma Coin. Kowa tufafinsa iri ɗaya, abinci a kan awo, kowace safiya a buga wa mutum jadawalin yininsa a hannu. Aikin da aka ba Katniss ba yaƙi ba ne tukuna. A yi mata kwalliya, a ba ta baka, a ɗauke ta hoto domin farfaganda. Wanda ke shirya hotunan kuwa, Plutarch, shi ne ya shirya gasa ta 75 a babban birni. An gudu ba a tsira ba ke nan. A ɗaya ɓangaren shugaba Snow ya kama Peeta, ya gurɓata masa tunani da dafi har ya koma yana neman shaƙe yarinyar da yake ƙauna.

Daga nan labarin ya gangara inda matasa ba sa so. Gale, abokin farautarta, ya taimaka wajen tsara wani bam mai tashi sau biyu: na farko ya raunata mutane, na biyu ya hallaka masu kawo ɗauki. A ranar ƙarshe ta yaƙi aka saki irin wannan makami a kan yaran babban birni da aka tara a ƙofar fadar Snow, kuma cikin masu jinyar da suka ruga akwai Prim, 'yar shekara 13, wadda dominta aka fara komai. Bayan nasara, Coin ta kawo shawarar a yi gasa ɗaya ta ƙarshe da 'ya'yan manyan babban birni. Ranar da aka ba Katniss kibiya ta harbe Snow, sai ta harbi Coin, domin ta gane Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ba sai an yi wa mutumin Briqueterie dogon bayani a kan wannan ba. Gidaje da dama a unguwar nan suna da dangi a Arewa Mai Nisa, inda hare-haren Boko Haram suka tsananta tun 2014 a Kolofata da Fotokol da kewaye. A watan Yuli na 2015 'yan mata ƙanana aka ɗaura wa bama-bamai aka tura cikin jama'a a Marwa. Mun ga 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya bayan rikicin 2013, mun kuma ga iyalan da suka baro yankunan masu magana da Ingilishi tun da rikicin can ya fara a 2016. Duk inda aka duba, manya ne ke yanke shawara, yara ne ke gaba, kowane ɓangare kuma yana da hotunan da yake turawa cikin wayoyinmu. Yaron da ya bi Katniss har ɗakin da ake shafa mata hoda kafin ta yi wa kyamara magana zai iya tambayar kansa, idan aka turo masa wani bidiyo mai tayar da jini, wa ya ɗauka, wa ya yanka, me yake so a yi bayan an kalla.

Ko a wajen takarda labarin ya yi tasiri. Ɗaga yatsu uku da mutanen gundumomi ke yi ya zama alamar masu zanga-zanga a Tailan bayan juyin mulkin 2014, haka ma a Miyanma a 2021. Abin lura shi ne alamar ta yaɗu, amma shakkar da littafi na uku ya dasa game da shugabannin tawaye ba ta da yatsun da za a ɗaga mata.

Ba mu ce littattafan ba su da abin dubawa ba. Akwai sumbata da kwana ɗaki ɗaya tsakanin saurayi da budurwa, ko da yake ba a wuce nan ba. Akwai azabtarwa da tunanin kashe kai a na uku. Panem kuma ƙasa ce da ba a ambaton Allah a cikinta, ba masallaci ba coci, wanda ya rasa ƙanwa ba shi da inda zai kai kukansa sai mafarkin dare. Saboda haka ba za mu miƙa La Révolte ga ɗan shekara 11 don kawai ya gama na farko ba. Ɗan shekara 15 ko 16 kuwa, gara ya karanta a tsakar gida inda uwa ko yaya za ta tambaye shi me ya sa Katniss ta ce ta yarda da gasar ƙarshe alhali ta riga ta san abin da gasar take. Littafin bai ba da amsa kai tsaye ba, kuma muhawarar takan kai har bayan cin tuwon dare.

Marubuciyar ta ƙara littattafai biyu daga baya, ɗaya a 2020 kan ƙuruciyar Snow, ɗaya a 2025 kan gasar da Haymitch, mai horar da Katniss, ya ci yana yaro. Dukansu labarin baya suke bayarwa, don haka idan mai shimfiɗa littattafai a bakin titi ya miƙo ɗayansu ya ce shi ne na huɗu, a tabbata an gama na uku tukuna.